Addar Filifin: yadda ake ƙera ta gaske da yadda muke gane ta bogi

A ƙauyukan Filifin, addar da ake kira bolo kayan aiki ce ta kullum. Da ita manomi ke share gona, ya sare gora, ya fasa kwakwa, ya yanka rake. Ranar da rikici ya taso kuma, ita ce makamin da ke kusa da hannu, kamar yadda ta kasance a hannun mutanen Andres Bonifacio lokacin da suka yi wa Sifaniyawa tawaye a 1896. Aikin ɗan kamfaninmu shi ne karɓo waɗannan addunan daga hannun maƙeran can, waɗanda ake kira panday, mu duba su ɗaya bayan ɗaya, mu gyara ƙota da kube kafin su je hannun mai saye.

Ƙarfen da maƙeran suka fi amfani da shi tsohon sifirin mota ne, musamman na jifni, wato motocin haya na can, da manyan motoci, domin yana da tauri kuma yana lanƙwasa ya dawo. Sai dai sifirin da ya sha kaya shekara da shekaru yakan ɓoye tsaga siririya da ido ba ya gani, sai an tsoma shi a mai ta buɗe. Maƙeri mai hankali yana goge ƙarfen ya duba kafin ya sa shi a wuta. Ana hura gawayi har ƙarfen ya yi ja ya doshi ruwan lemo, a buge shi a kan uwar maƙera. Bayan addar kusa da ƙota yakan kai kauri milimita 5 zuwa 6, ya riƙa sirancewa zuwa gaba, cikin kuma ya yi faɗi wajen tsini don nauyi ya rinjaya can. Wannan rinjayen ne ke yin saran, hannu rakiya kawai yake yi. Ruwan bolo ta gona yawanci santimita 30 zuwa 45 ne.

Gwanintar duka tana wajen tsomawa. Bakin kaifin kaɗai ake tsomawa a mai, a bar bayan da ɗan laushi don ya shanye dukan. Daga nan a sake ɗumama shi a hankali har launin kara ya bayyana a bakin. In zafin ya yi kaɗan, kaifin zai ɓantare a gaɓar gora ta farko. In ya wuce har ya koma shuɗi, kaifin zai naɗe, ka wuni kana wasawa. Mu da magagari muke gwadawa: ya zame a bakin kaifi, ya kama a baya. Wadda ta kasa wannan ba ta shiga kayanmu.

Masu kwaikwayo ba ruwansu da duk wannan. Su yanko faranti na ƙarfe mai ƙyalli, kauri ɗaya daga farko har ƙarshe, su yi wa wani siririn kusa walda a gindi a matsayin wutsiya, wato ɓangaren da ke shiga cikin ƙota, su rufe da ƙota mai ado. Sara uku a icce, waldar ta balle, ruwan ya tashi sama. Sannan mai saye ya zo yana taya tamu da kuɗin waccan! Ta gaske, wutsiyarta jiki ɗaya ce da ruwan, ana zura ta da zafi cikin ƙahon ɓaunar noma ko icen kamagong, wani baƙin icce mai tauri, a cika da ƙaro, a ɗaure wuyan da zoben ƙarfe ko saƙar ratan, wato igiyar wani tsiron kurmi, don kada ƙotar ta tsage.

Akwai abin da muke tambayar kowa kafin ciniki: da wane hannu kake sara? Addunan tsibiran Bisaya, irin su talibong na tsibirin Panay, gefe ɗaya ake wasa su, ɗayan a bar shi shafe. Bahago ya ɗauki ta dama, sai ta riƙa zamewa daga icce.

Na kudu kuwa, na Musulmin Mindanao da Sulu, yaƙi aka ƙera su dominsa. Barong na ƙabilar Tausug gajere ne mai siffar ganye, mai kauri da nauyi. Kalis kaifi biyu ne, wani a miƙe wani mai lanƙwasa-lanƙwasa. Kampilan shi ne dogon, yana kusan mita ɗaya, ya fi faɗi wajen tsini, ƙotarsa a wage kamar bakin kada. Kubensa katako biyu ne da aka ɗaure sama-sama da ratan, ta yadda mayaƙi zai iya kai sara ba tare da ya zare ba, kaifin ya yanke ɗaurin da kansa. Waɗannan ba ma ba wa mai neman addar gona, ko ya nace.

Kuben katako muke sakawa, don fata na riƙe laima ta jawo tsatsa. Bayan aiki a goge ruwan itace daga jikin ƙarfen, a shafa man kwakwa kaɗan, a bar kuben ya bushe kafin a mayar. Wasawa a dutse da ruwa za a yi. Injin wasa wuƙa na lantarki yana ƙona bakin kaifin, taurin da maƙeri ya sha wahala ya samar ya tafi cikin minti ɗaya, kuma wadda aka lalata haka ba ma karɓar ta a canza.