Tafkin Päijänne, inda kifin katako ya samo asali

Jirgin ƙasa daga Helsinki zuwa Lahti tafiyar kusan awa ɗaya ce, wajen kilomita 100 zuwa arewa, kuma ba abin da ido ke gani ta taga sai daji da gonaki. Daga Lahti bas ce ta ƙarasa da ni Vääksy, ɗan garin da ke zaune tsakanin tafkuna biyu, Vesijärvi da Päijänne. Mashigin ruwan da aka haƙa don haɗa su an gama shi ne a 1871, kuma har yau jirage na bi ta ciki. Päijänne shi ne tafki na biyu a girma a Finlan, daga nan ne ma ruwan shan mutanen Helsinki ke tafiya ta wani rami na ƙarƙashin ƙasa mai tsawon kilomita 120.

Kamun kifi ne ya kai ni. Duk mai jefa fatsa da koton ƙarya ya san ɗan siririn kifin nan na katako mai leɓen roba a gaba da ƙugiyoyi masu baki uku a ƙasa. A yankin wannan tafki ne Lauri Rapala, wani talakan masunci, ya sassaƙa nasa na farko a 1936. Abin da ya lura da shi kuwa shi ne, idan babban kifi ya afka wa garken ƙanana, ba ya kamu barkatai, wanda ke tangaɗi a cikinsu yake zaɓa. Sai ya ɗauki wuƙar baduku ya fere ɓawon itacen nan mara nauyi da ake toshe kwalba da shi, ya naɗe shi da takarda mai ƙyalli ta cakulan, ya narka fim ɗin hoto ya shafe shi don kada ruwa ya shiga. Daga baya aka koma katakon balsa. A 1962 mujallar Life ta Amurka ta buga labarinsa a fitowar da ke ɗauke da hoton Marilyn Monroe a bango, kafin ka ce kwabo Amurkawa sun yi ca a kan kayan.

Kafin in shiga ruwa sai da na biya kuɗin kula da kifi, domin a ƙasar fatsa da tana kyauta ce ga kowa, amma jefa koton ƙarya sai an biya. Wani dattijo ne ya ɗauke ni a ƙaramin jirginsa, mutum mara yawan magana. Akwatina cike yake da kala-kala, nasa kuwa 'yan kaɗan ne, duk fentinsu ya kwarzane da haƙoran kifi. Muka nufi arewa wajen Pulkkilanharju, doguwar tudun yashi da tsakuwa da ta ratsa tafkin, titi kwance a kanta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a tafiyar nan shi ne, dattijon bai taɓa ɗaura koto ya jefa kai tsaye ba. Sai ya saki zare kamar tsawon sandar, ya tsoma koton a gefen jirgi, ya ja shi a hankali yana kallo, sannan ya ƙara sauri. Idan ya miƙe sak yana kaɗa jela, to ya ci jarrabawa. Idan ya karkata ko ya kwanta a gefe, sai ya koma hannu.

Da wuri muka samu abin gwaji. A bakin wata ciyawar ruwa hauki ya cafke nawa, wato kifin nan mai dogon baki da haƙora birjik. Bayan na zare ƙugiya na sake shi, sai koton ya fara fizga zuwa dama, da na ƙara sauri kuma ya faso saman ruwa yana birgima. Dattijon ya miƙo hannu. Ya duba leɓen tukuna, ya ga bai tsage ba, ya gyaɗa kai. Sannan ya zaro ƙaramar filaya mai tsinin baki, ya kama zoben wayar da ke hancin koton, inda ake ɗaura zare, ya matsa shi zuwa hagu. Ni dai ban ga ya motsa ba.

"Idan ka ga ya lanƙwashe da idonka, ka wuce wuri," in ji shi.

Ya tsoma, ya ja, ya sake taɓawa kaɗan, sai ga shi yana tafiya sambal. Ƙa'idar ke nan: inda koton ke gudu, sai a karkata zoben zuwa ɗaya gefen, a bar leɓen ya huta. Leɓe shi ne mai aikin nutsewa da kaɗawa, ana murɗa shi gam ɗin ya saki, shi ke nan koto ya tashi aiki.

Zaɓi ma daga leɓen yake farawa. Gajere mai kallon ƙasa yana riƙe koto kusa da saman ruwa, shi ya dace da kan ciyawa da bakin duwatsu. Dogo da ya miƙe gaba yana nutsar da shi can ƙasa. Sai kuma abin da koton yake yi idan ka daina naɗe zare: wani ya taso, wani ya tsaya cak a tsakiyar ruwa, wani ya nutse. Mai nutsewar nan lissafi ake yi masa, kusan santimita 30 a kowace daƙiƙa, ka ƙirga har ya kai zurfin da kifi yake. A ruwa mai sanyi irin na farkon bazararsu, mai tsayawa cak ya fi ci mana. Ka fizga sau biyu, ka dakata, yawanci a cikin dakatawar nan ake kai masa cafka. Shi kuwa abu kaɗan ke ɓata masa ma'auni, ƙugiya mai ɗan nauyi ta isa ta nutsar da shi, don haka idan za a canza ƙugiya sai a nemi mai nauyin ta asali. Wanda ke tasowa da sauri, ɗan yankin darma da aka manna a cikinsa yana daidaita shi.

Ƙulli ma da nasa. Idan ka shaƙe zoben da ƙulli, kaɗawar takan ragu, shi ya sa ake barin ɗan madauki ko a sa ƙaramin maƙali. Saboda haƙoran hauki dole a sa waya a gaban zare, amma waya mai kauri a kan ƙaramin koto kashe masa rawa take yi.

Kala fa? A ganina masu saye ta fi kamawa. Dattijon ya raba ta biyu kawai: ruwan azurfa idan ruwa garau ne ga rana, ruwan zinariya ko mai haske sosai idan ruwa ya yi duhu ko hadari ya rufe. Girma ya fi damunsa, yana neman wanda ya yi daidai da muikku, ƙaramin farin kifin da manyan tafkin ke ci.

Da yamma muka koma gefen wani gangare mai zurfi muna jan dogon leɓe a bayan jirgi, muna neman kifin da suke kira kuha, wanda ya fi farauta idan haske ya ragu. A wannan lokaci na shekara dare ba ya yin duhu sosai, sai agogo ne zai gaya maka ka makara. Mun samu, amma na farkon da aka auna bai kai santimita 42 da dokar ƙasar ta gindaya ba, ya koma ruwa. Na biyun ya haura, dattijon ya jefa shi a akwatin ƙanƙara ya tayar da inji, domin bas ɗin Lahti ba ta jiran kowa.