Benen da Aka Toshe wa Hanyar Iska

Kamfaninmu ƙarami ne a Kaduna, mu tara ne har da ni, kuma mun fara ne da ja wa gidaje da shaguna wayar lantarki kafin a hankali mu koma gyaran tsofaffin gine-gine domin su rage cin wuta. Aikin da ya fi koya mini sana'ata shi ne wani bene mai hawa biyu a wata jami'a ta nan Arewa, wanda aka gina a shekarun 1970, yake ɗauke da azuzuwa da ofisoshin malamai da ɗakin gwaji guda ɗaya. An neme mu ne bayan Afrilun 2024, lokacin da hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta mayar da kuɗin wutar masu rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta a rana, naira 225 a kan kowane yunit, fiye da ninki uku na abin da ake biya a da. Buƙatar da aka gabatar mini ita ce in cika rufin da farantan sola. Na ce wa shugaban sashen, "Ranka ya daɗe, a ba ni mako biyu in zauna da ginin nan tukuna, domin randar da take yoyo, liƙe ta ake fara yi kafin a ƙara mata ruwa."

A mako biyun nan ban taɓa ko waya ɗaya ba. Na rataya ma'aunin zafi a ɗakuna daban-daban, na sa wa benen mitarsa ta kansa, ina zuwa da hantsi da azahar da la'asar ina rubuta abin da na gani. Abin da ya bayyana gare ni shi ne waɗanda suka zana ginin sun san rana kuma sun san iska. Dogayen ɓangarorinsa biyu suna kallon kudu da arewa, gajerun kuma gabas da yamma, saboda ranar safe da ta yamma, waɗanda suke shigowa a kwance, su sami ƙaramin bango kawai. Akwai baranda mai faɗi da take yi wa tagogi inuwa, akwai bulo mai huda a saman kowace ƙofa, sannan kowane ɗaki yana da taga a bango biyu masu fuskantar juna. Wannan tsari ne da ya yaɗu a manyan makarantun ƙasar nan tun bayan da Maxwell Fry da Jane Drew suka zana gine-ginen jami'ar Ibadan a shekarun 1950, inda suka lulluɓe ɗakin karatu da bangon kankare mai huda domin iska ta ratsa, rana kuma ta tsaya a waje.

Sai dai shekaru sun bi ta kan benen. An katange rabin barandar sama da bulo an mayar da ita ofisoshi, an cike hudojin saman ƙofofi da siminti, an cire tagogin luba an sa na alminiyom masu zamewa, waɗanda rabinsu kawai ke buɗuwa. Da zafi ya yi yawa aka rataya labule masu kauri, da duhu ya shigo aka riƙa kunna fitilu da tsakar rana, daga nan kowane ofis ya nemi na'urar sanyaya ɗaki. Ba na ganin laifin waɗanda suka yi haka, domin ɗalibai sun ƙaru, malamai suna bukatar wurin zama, ɓarayi suna zare gilasan luba, ƙurar hunturu kuma ba ta barin takarda da haske. Kowane gyara yana da dalilinsa a ranar da aka yi shi, amma da suka taru sai suka shaƙe ginin.

Daga rufi muka fara, domin a bazara, lokacin da zafin Afrilu ke kusantar digiri 40, ta sama mafi yawan zafin hawa na biyu yake saukowa. Rufin na asbesto ne, kuma wannan ne wurin da na fi tsananta wa yarana. Ƙurar asbesto tana maƙalewa a huhu, cutarta ba ta bayyana sai bayan shekaru masu yawa, saboda haka muka jiƙa kowane falle da ruwa, muka kwance ƙusoshinsa ɗaya bayan ɗaya, muka sauko da shi ba tare da ya fashe ba, kowa da takunkumi da rigar da ba za ta bi shi gida ba. Wani lebura ya roƙe ni in ba shi fallayen ya rufe ɗakin awakinsa, na hana shi, na kuma zaunar da shi na gaya masa dalili. A madadinsu muka sa farin kwano, muka shimfiɗa abin tare zafi a ƙarƙashinsa, muka buɗe kafofi masu raga a gefen rufin domin iskar da ta yi zafi a saman silin ta sami mafita. Ƙa'idar tattalin makamashi a gine-gine da gwamnatin tarayya ta fitar a 2017 ta tanadi a tare zafi a rufi, ta kuma ce kada tagogi su wuce kashi 20 cikin 100 na bango sai da inuwa a kansu, amma kaɗan ne daga cikin masu ba da kwangila suke tambaya a kanta.

Maginin da na fi dogara da shi dattijo ne ɗan Zariya, kowa Baba yake ce masa. Ranar da muke fasa simintin da aka cike hudojin da shi, ya ce mini, "Injiniya, ai wannan dabarar soro ce, bango ya sha sanyin dare ya riƙe shi har azahar." Gaskiyarsa, domin abin da kaurin tubali yake yi a masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, shi ne kankaren wannan bene zai iya yi idan an bar iskar dare ta shiga. Maganarsa ce ta sa muka yi wa hudojin ƙarfe da raga da ƙaramin murfi, a bar su buɗe da dare a bazara, a rufe su idan hazo ya sauko. Barandar kuwa sai da aka yi zama uku kafin malaman da ke cikinta su amince a mayar da su wani ɗakin ajiya da muka gyara a ƙasa. A bangon yamma muka kafa inuwar ƙarfe, muka dasa darbejiya nesa da harsashin gini.

Lissafin fitilu ba ya da wuya. Dogon ƙwan da aka saba da shi wat 36 yake ci, na LED mai haske kamarsa wat 18, saboda haka ƙwai 100 da suke kunne awa 10 suna rage yunit 18 a kullum. Tsofaffin ƙwayayen muka tattara su a kwali ba tare da an fasa su ba, saboda sinadarin makuri da ke cikinsu. Mun sauya fankoki da masu ƙarancin cin wuta, muka cire na'urorin sanyaya ɗaki masu amfani da tsohuwar iskar sanyi da ake kira R-22, muka bar sababbi masu inbata a ɗakin gwaji da ɗakin kwamfuta kawai, bayan mun liƙe ƙofofinsu da tagoginsu.

Sai bayan duk wannan muka zo kan sola, kuma a lokacin nauyin da za ta ɗauka ya ragu ƙwarai, har kuɗin da aka ware ya isa. Da yake da rana ake amfani da benen, batir kaɗan muka sa. Na je na ga tashar sola mai megawat 7.1 da aka buɗe a Jami'ar Bayero a 2019, kuma aiki ne na a yaba, amma duk girman tasha, wutarta a cikin ɗakuna irin waɗannan take ƙarewa.

Wahalar ƙaramin kamfani ita ce kuɗi. Hutun ɗalibai kawai muke da shi na aiki mai ƙara da ƙura, biyan kashi na biyu ya yi jinkiri, farashin waya da inbata kuma yana bin dala, har sai da na sayar da motar ɗaukar kayanmu domin kada albashin yara ya tsaya. Kwali biyu na ƙwayayen LED da muka saya sun fito jabu, muka sauya su daga aljihunmu.

Kafin mu tashi na koya wa masinjan sashen wanke farantan da sassafe da ruwa da tsumma mai laushi, sau biyu a mako a lokacin hunturu, na kuma bar masa littafin da zai riƙa rubuta lambar mita kowace Litinin. Da na koma a watan Maris na tarar littafin ya cika shafi bakwai ba tsallake, ɗalibai kuma suna ɗaukar darasi a hawa na biyu da ƙarfe biyu na rana, fitilu a kashe, tagogin bango biyu a buɗe.