Ayar da Sulemanu bai rubuta ba

Wata biyar ke nan, amma har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni. Ni aka ba jawabi a taron Zumuntar Mata na gundumarmu, mata sun fi ɗari, kowacce da zanen zumunta. Maimakon in zauna da Littafi Mai Tsarki, sai na dogara da wani ɗan littafin ibada da na saya a bakin ƙofar coci, mai bango mai ƙyalli. Hausarsa daɗi kamar zuma. A ciki marubucin ya ce littafin Karin Magana na Sulemanu, da ke cikin Littafi Mai Tsarki, ya koya mana cewa Allah ya ce tashi in taimake ka. Bai ba da sura ba, bai ba da aya ba, ni kuma ban nema ba. A kan wannan na gina jawabina gaba ɗaya, har sau uku ina cewa "in ji Sulemanu", mata suna amsa mini da amin.

Da aka tashi, wata tsohuwa ta kamo hannuna. Littafinta tsohon juyi ne, irin na 1932 wanda su Likita Miller na Wusasa suka yi aikinsa, inda ake kiran littafin Karin Magana da suna Misalai. An naɗe bangonsa da leda, takardun sun yi ja. Ta ce, "'Yata, nuna mini wurin, idona ya yi rauni." Na ce, "To, Mama." Na buɗe nawa, juyin 1979, na bi sura 31 ɗin nan ina zufa. Babu. Ta yi murmushi ta ce, "Karin magana ce kam, amma ta kakanninmu, ba ta Sulemanu ba." Sannan ta buɗe mini Romawa 5:6, inda Bulus ya ce Almasihu ya mutu dominmu tun muna marasa ƙarfi. Wato na shafe minti arba'in ina koya wa mata kusan akasin abin da ke rubuce.

Abin da ya fi ci mini rai, ba wahala ce ta hana ni dubawa ba. Minti goma sun isa. Ni da nake koya wa yara labarin mutanen Biriya a Ayyukan Manzanni 17:11, waɗanda ko Bulus sai da suka bincika maganarsa kowace rana! Daɗin Hausa ne ya rufe mini ido.

Tun daga nan na daina auna rubutun ibada da zaƙinsa. Akwai wani tsohon mai bishara a ƙauyen mijina da ke rubuta shafi ɗaya duk wata, a ɗauki hotonsa a shago a raba. Da can ko kallon takardun ba na yi, rubutun a karkace, ga tawada ta dushe. Na koma na tattaro su. Kowace magana da sura da ayarta a gefe, kuma duk wadda na duba tana nan daram. Inda ra'ayinsa ne, sai ya rubuta "a ganina". A shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri masararsa ta ƙone, ya yi rubutu a kan Habakuk 3:17-18, bai ɓoye cewa ya yi kwana uku ya kasa addu'a ba. Wancan mai bango mai ƙyallin, ko sau ɗaya bai taɓa nuna ya yi tuntuɓe ba.

Na kai wa tsohon mai bisharar nan mudu biyu na gyaɗa, na ce, "Baba, muna karantawa." Ya yi shiru, can ya ce shekara da shekaru yana zaton da takardun ake ƙulle ƙosai.

A taro na gaba na miƙe na janye maganata a gaban kowa. Tsohuwar tana layin gaba, littafinta a cinya, yatsanta a kan shafi tana jiran in faɗi aya.