Godiya Bayan Bikin Autarmu

Alhamdulillahi. An kai amarya ɗakinta, baƙi sun watse lafiya, na Maraɗi da na Zariya duk sun kira sun ce sun sauka. Muryata ba ta dawo ba har yanzu, ƙafafuna a kumbure suke, amma ba zan iya kwanciya da nauyin godiyar nan a wuyana ba.

Kun san tun rasuwar Umma ni ce uwar yarinyar nan. Kun kuma ji surutun da aka yi ta yi da aka ce a lambu za mu yi yinin biki, a fili, a watan Yuni, bayan damina ta sauka a Kano. Ba sai na maimaita ba. Abu ɗaya marainiyar nan ta roƙa, a yi mata taronta a ƙarƙashin bishiyoyi, kuma na yi mata alkawari.

Zan fara da mai kiɗanmu. Tun da Hisbah ta hana maza DJ shiga taron mata, samun mace da ta iya wannan aiki sai an tona. Wadda Allah Ya haɗa mu da ita tun azahar ta iso, ta zagaye lambun da ƙafarta, ta ce sauti a fili watsewa yake yi, don haka ta juya sifikoki suna kallon rumfuna, bayansu ga gidajen maƙwabta. Ta sa aka kai janareta can ƙarshen katanga, ta ɗage wayoyi daga kan ciyawa. Ita ta riƙe mana lokaci. Ta san sa'ar da za ta saki kiɗan 'yan mata a yi liƙi, ta san sa'ar da za ta rage murya a ci abinci a gaisa. A ganina rabin tsarin biki yana hannun wanda ke riƙe da makirfo, kuma namu ya faɗa hannu nagari.

Rumfar hoton kuwa, da farko wasu sun ce almubazzaranci ne. Sai ga shi iyayenmu da ba sa fita fagen rawa can suka yi dandazo. Labule ne a zagaye, mace ce ke tsaye a kai, babu namiji ko ɗaya, hoto kuma yana fitowa nan take da sunan ango da amarya a ƙasa. Hajiya Kaka, wadda ta shekara tana cewa ita ta gama da hoto, aka tura ta a kekenta, jikoki suka kewaye ta, ta karɓi nata ta soke a cikin jaka.

Amma abin da ya sa na zauna rubutun nan shi ne abin da ya faru bayan la'asar sakaliya. Waɗanda suke wurin sun gani. Hadari ya haɗo daga gabas, iska ta taso da ƙura, kanofi ɗaya ya tashi sama, aka kashe janareta don kada wuta ta ja wani. Cikin wannan turmutsitsin sai muka ji ihun ƙanwar ango: ɗanta ɗan shekara uku ba ya hannunta. Get a buɗe yake, titi na nan a bakinsa, ga kuma tafkin kifi a tsakiyar lambun. Wallahi gwiwoyina sun sage. Abin da ya zo mini a rai shi ne, ni na kawo mutane wurin nan, da wane ido zan kalli dangin ango?

Mai kiɗanmu, baiwar Allahn nan, ba ta bi ta kan kayanta ba. Ta zaro ƙaramar sifika mai caji, ta hau kan kujera, ruwa na dukanta, ta ce a rufe get, kowa ya tsaya inda yake, kowace uwa ta kama hannun ɗanta ta ƙirga nata. Muryarta ko rawa ba ta yi. Taron da ke gudu ya tsaya cak. Sai ga amsa daga cikin rumfar hoto. Ashe tun da iskar ta taso, yarinyar da ke kula da rumfar ta kwashe duk yaran da ke kusa da ita ta shigar da su bayan labule, ta durƙusa ta lulluɓe su da hijabinta kamar kaza da 'yan tsakinta. Yaron yana ciki, ko jiƙewa bai yi ba. Na'urarta ta buga hoto tana waje ruwa ya gama da ita. Da na yi mata maganar biya, cewa ta yi in bari sai hankalina ya kwanta. Ƙanwata, ba zan bari ba, ina nan tafe har gida.

Da ruwa ya tsagaita, na zaci taro ya mutu. Sai DJ ta saki amada, tsofaffi suka miƙe a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa, amarya ta share hawaye ta shiga tsakiyarsu. Ana kiran magariba ta kashe sauti ba tare da kowa ya ce mata komai ba.

Gwaggon Fagge, na san ba ki son a ambace ki, amma sai na ambata, domin ke kika kwana a kan tukwane. Kawu na Katsina da ya tsaya waliyyi, Allah Ya ƙara girma. Ƙawayen amarya da suka kwashe kujeru cikin ruwa da ankonsu a jiki, da maƙwabtanmu da suka buɗe ɗakunansu ga baƙi, ba ni da abin da zan biya ku da shi. Akwai waɗanda na kai wa kati da goro har gida, jininmu ne, da Umma na raye su ne a sahun gaba. Kujerunsu na nan a ajiye har aka tashi. Amarya ta tambaye ni, na ce mata uzuri ne.

Ya Allah, duk wanda ya taka ƙafarsa ko ya buɗe hannunsa ko ya ɗaga mana addu'a daga nesa, Ka biya shi da mafificin alheri. Ka tsare masa 'ya'yansa yadda aka tsare mana namu. Matan nan biyu, Ka buɗa musu kasuwa, Ka mayar musu da ninkin abin da suka rasa, Ka rufa musu asiri duniya da lahira. Ka ba autarmu da mijinta zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba. Ka jiƙan Umma da Abba, Ka kai haske kabarinsu. Amin.

Hotunan da ba a karɓa ba suna wurina, da mayafai da takalman da aka tsinta bayan ruwa. Don Allah duk wadda ke da bidiyon iyayenmu a wayarta kada ta ɗora shi a TikTok.