Talata a Gadarif, ƙasar Sudan: sintiri, da maganar masu sayen kayan sata

Daren jiya layinmu ne ke da sintiri, don haka da jajayen idanu na buɗe shago. Kayan aikin ba su da yawa: tocila, usur, gora, sai tabarma a bakin ɗakunan ajiya. Kakar riɗi ce, motoci sai sauke buhuna suke daga gonaki, kuma riɗi da dawa su ne jarin garin nan. Tun da aka fara zagayen, fasa shago da dare ya ragu, wannan ba musu. Sai ɓarayin suka koma aikin rana.

Da hantsi muna cin ful, wato dafaffen wake, da burodi, wani saurayi ya ɗauki sukari da galan na mai a shagon Kawu da ke jikin nawa, ya miƙo waya wai ya tura kuɗin ta Bankak, manhajar banki ta waya. Kawu ya ga hoton shaida, ya gyaɗa kai. Ɗansa ne ya ce, "Baba, bari in duba asusunmu." Ko fam ɗaya bai shigo ba. Tsohon hoto ne aka gyara masa suna da adadi. Kafin a ɗago kai ya dire galan ɗin ya ɓace cikin masu raksha, wato keke mai ƙafa uku. Tun canjin takardun fam 500 da 1000 a Disambar 2024 tsabar kuɗi ta yi wuya, ciniki ya koma waya, macuta ma suka bi shi can. Yanzu mun daina duba wayar mai saye. Sai kuɗi ya bayyana a ta mai shago, ko da netwok zai tsayar da mutum rabin awa.

Bayan la'asar aka yi taron 'yan kasuwa a ƙofar masallaci. Wani ya miƙe yana cewa duk ɓarnar daga waɗanda suka gudo daga Hartum da Madani take. Raina ya ɓaci. Mutanen da aka kwashe wa gidaje tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, har ƙofofi da wayar wuta ta cikin bango, su za a rataya wa jakar tsaba? Mu Hausawan ƙasar nan ai mun san zafin a yi wa jama'a kuɗin goro. Baba Liman bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, yaron da aka kama da batirin sola kwanakin baya, a gaban wa ya girma?" Ɗan unguwa ne, kowa ya san gidansu.

Daga nan ya taɓo inda ke mana ƙaiƙayi, wato masu saye. A garuruwan da yaƙi ya ci, kasuwanni guda suka tashi na kayan ganima, waɗanda mutane suka raɗa wa suna Kasuwar Dagalo, da sunan jagoran dakarun RSF da suka gwabza da sojojin gwamnati, kuma ba aljanu ne ke ciniki a cikinsu ba. Mu ma nan akwai mai sayen mudun riɗi a hannun yara da magariba, ya san sarai ba daga gonar ubansu ya fito ba. Wasu suka sunkuyar da kai. A ganina wannan ya fi gora da usur amfani.

An tsayar cewa duk mai kawo tsohuwar waya, batiri ko fanka don sayarwa sai ya zo da wanda ya san shi, a rubuta sunansa a littafin shugaban layi. Wanda aka kama kuma ba duka, a miƙa shi ga 'yan sanda. Samari suka yi ta gunaguni wai gobe za a sako shi.

Kuɗin mai gadi ne ya gagara. Masu manyan ɗakunan ajiya na so a raba daidai, har da mata masu shayi da ba su da abin sata sai murhu da kofuna. Na ce ban yarda ba. Ana cikin musun aka kira magariba, aka ɗage zuwa Juma'a.