Mama ta ce in bi ta a hankali

Lahadin da ta wuce ana gama karɓar baiko sai sakatare ya sanar cewa akwai waƙa ta musamman, kafin in gyara zama a gaban kibod sai ga wata mama daga zumuntar mata ta taso ta karɓi makirfo. Ba mu yi gwaji ba, bata faɗa min waƙar ba, balle ki ɗin da zata ɗauka, wato matakin sautin da za a yi waƙar a kai. Ta dai juyo ta kalle ni tace "ɗana, ka bi ni a hankali." Nace "to Mama."

Na daɗe ina kaɗa kibod a cocinmu nan Jos, kuma gaskiya raka kwaya, wato ƙungiyar mawaƙan coci, yafi min sauƙi nesa ba kusa ba. Kwaya ku kun sha gwaji tare, kai ne ka ba su ki, kowa ya san inda za a tsaya. Amma mutum ɗaya, shi ne gaba kai kana baya, in ya ja kalma ka jira shi, in ya tsaya shan numfashi kai ma ka tsaya.

Da ta fara sai na rage ƙara ƙasa sosai, na kai kunne kusa da sifika ina taɓa maɓalli ɗaya ɗaya da yatsa ina neman "do" ɗinta, wato sautin da ki ɗinta ya zauna a kai, sai da ta kusa gama layin farko na same shi can cikin baƙaƙen maɓallai. A nan ne nake roƙon ƙannena masu tasowa, dan Allah ku koyi ki goma sha biyun nan duka. Na sani C da F da G sun fi daɗin hannu kuma Yamaha ta sa mana taransifos, maɓallin da ke ɗaga ki ko sauke shi, amma iyayenmu mata in waƙa ta shige su murya hawa take, baiti na uku sai kaji ta ɗaga kaɗan ba tare da ta sani ba, kai kuma kana can kana latse-latse kana lissafi, jama'a duk sun ji an rabu.

Bit ɗin ganga na cikin kibod kuwa kashe shi nayi tun kafin ta buɗe baki. Inji baya jira, ita kuma in ta zo kan sunan Yesu sai ta riƙe shi ta ja ta ja ido a rufe, ya za a yi inji ya san wannan? Kafaɗarta nake kallo. In ta ɗaga nasan numfashi ta ɗauka layi na zuwa, sai in sauke kod, wato sautuka da yawa a haɗe, tare da ita. Na kuma sa muryar ogan maimakon fiyano, don ogan yana riƙe sauti muddin yatsanka na kai, fiyano kuwa kana bugawa yake fara mutuwa, mai jan waƙa sai ya ji kamar an bar shi shi kaɗai. Hannun dama na hana shi bin waƙar, sai in ta yi shiru in ɗan amsa mata da sauti biyu ko uku.

Abin yakan tuna min Mildred Falls. Kowa ya san mawaƙiyar bishara Mahalia Jackson ta Amurka, ƴar New Orleans da ta rasu a 1972, amma mutum nawa suka san matar da ta yi sama da shekara 20 tana kaɗa mata fiyano? Ku nemi tsofaffin bidiyonsu a YouTube, ku bar muryar ku saurari fiyanon kawai, zaku ji yadda Mildred take jira, Mahalia ta ja layi yadda taga dama kuma duk inda ta sauka ta tarar da ita a wurin.

Ana tsakiyar baiti na uku aka ɗauke wuta. Mama ko gezau, ta ajiye makirfo ta ci gaba da muryarta, mata suka kama mata amshi, wata ta jawo tulu ta fara bugawa. Da jen ya tashi ban yi saurin shiga ba, na bari layi ɗaya ya wuce, aiko ta hau sama da inda muka fara, na sake lalubo ta sannan na shiga a amshi.

Bayan an tashi sujada ta same ni ina naɗe waya, ta dafa kaina tace "Allah ya yi maka albarka ɗana, akwai wata da nake so in yi ranar godiya." Nace "Mama, wannan karon mu gwada tukuna." Mun sa Alhamis ƙarfe huɗu.