Ƙarfen dafawa da na sa wa Hajiya a matakalar bene

Tun bayan ƙaramar sallah nake ganin wani dogon layi na dauɗa a jikin bangon matakalar benen gidanmu, ya taso daga ƙasa ya miƙe har sama, na ɗauka yara ne da hannun manja har na yi musu faɗa. Sai wata ranar Juma'a ina zaune a falo na ga Hajiya tana saukowa, tafin hannunta manne da bango tana jan shi a hankali, ta taka ɗaya ta tsaya, ta taka ɗaya ta tsaya, tana ambaton Allah ƙasa-ƙasa. Ashe sawun hannunta ne. Wallahi ranar jikina ya yi sanyi, don ban san tun yaushe take wannan saukar ba, kuma ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

Matakalar tamu irin wadda ke tsakanin bango biyu ce, taki 17, da ɗan filin juyawa a tsakiya wanda magina ke ce wa landin. Tun lokacin marigayi Baba aka yi ta kuma ba a sa komai na riƙewa ba, don a tunanin lokacin tunda bango ya tare gefe da gefe ai ba inda mutum zai faɗa. Daga baya muka zo muka shimfiɗa tayil mai sheƙi a kai, wanda in ƙafa da laimar alwala ta taka shi sai dai Allah ya kiyaye. Hajiya kuma gwiwarta ta hagu ta daɗe tana damunta.

Na ce mata, Hajiya ki dawo ɗakin ƙasa mana ki huta da hawan nan. Ta ce, "Ɗakin da na shekara talatin a ciki kake so in bari? Kai dai ka bar ni, na san ƙafata." Ni ne ɗan fari, ko sunana ba ta kira, balle a ce ni zan riƙa kama hannunta ina sauko da ita kullum, ba za ta yarda ba kuma na san dalili. Toh tunda ba za ta sauko ba, sai matakalar ta gyaru. Kuma ba ƙaramar magana ba ce, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum wajen 684,000 ke mutuwa duk shekara sanadiyyar faɗuwa, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su suka fi yawa a ciki. Duk wanda ya taɓa zuwa dubiya asibitin ƙashi na Dala ya ga tsoho da karayar ƙugu ya san abin da nake nufi, wani daga wannan kwanciyar ba ya ƙara miƙewa kamar da.

Abu na farko awo. Ƙa'idar da ake bi a Ingila ita ce tsayin ƙarfen ya kasance tsakanin santimita 90 zuwa mita ɗaya, a Amurka kuma inci 34 zuwa 38, duk dai kusan abu ɗaya ne. Inda mutane ke kuskure shi ne wajen da ake fara awon, daga leɓen takin ake ɗora tef a miƙe sama, wato bakin nan da ƙafa ke fara taɓawa, ba daga lungun ciki ba. Ni dai kafin in yarda da kowace ƙa'ida sai da na auna layin hannun Hajiya na jikin bango, na same shi ƙasa kaɗan da 90, don ita ba doguwa ba ce. Na ba ta muciya ta riƙe a tsaye a kan taki na biyu, ina ɗagawa ina saukewa har ta ce nan ya yi mata daidai, kafaɗarta ba ta ɗage ba kuma ba ta sunkuya ba. Muka tsaya a 90. Na yi alama a takin farko da na ƙarshe, muka ja igiya da aka shafa wa bula muka ɗalle ta a bango, layi ya fito miƙaƙƙe daidai da gangaren matakalar. Haka muka yi wa ɓangaren sama bayan landin.

Ƙarfen kuwa kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano na shiga da kaina tare da mai walda. Shi ya so mu ɗauki fayif mai kusurwa huɗu inci biyu, wai ya fi kyau a ido kuma shi ake yayi. Na ce masa malam ba ado nake nema ba, abin da hannun tsohuwa zai zagaye ya damƙe nake so. Ku gwada da kanku, ku kama mai kusurwa mai faɗi ku ja da ƙarfi, za ku ji yatsu ba sa haɗuwa, dafawa kawai kuka yi ba riƙo ba, kuma lokacin da ƙafa ta zame riƙon ne ke ceto. Muka ɗauki zagayayye inci ɗaya da rabi, baƙin ƙarfe mai kauri. Akwai irin farin nan mai ƙyalli da ba ya tsatsa, yana da kyau ƙwarai in ka samu mai nama, amma wanda kuɗina ya kai siriri ne kamar gwangwani, da na matsa shi da babban yatsa sai na ji ba zan iya amince masa da nauyin uwata ba.

Sai ƙafafun da ke riƙe shi a bango, waɗanda masu walda ke ce wa baraket. Abu biyu na nace a kai. Ɗaya, a bar tazarar santimita 5 tsakanin ƙarfe da bango yadda yatsu za su wuce ba tare da filasta ta goge su ba. Biyu, ƙafar ta tallafo ƙarfen daga ƙasa, ta lanƙwaso ta kama cikinsa, kada a manna ta a gefe, saboda in a gefe take duk mita ɗaya sai hannu ya yi karo da ita mutum ya saki ya sake kamawa, kuma a wannan sakin ne ake faɗuwa.

Nan ne muka zo inda aikin ya kusa lalacewa. Wanda ya zo kafawa da farko ya huda bango da injin, ya cusa fisha ta roba ya ɗaure sukuru, cikin awa biyu ya ce an gama. A ido ya yi kyau sosai. Na ce bari in gwada, na kama da hannu biyu na saki nauyina gaba ɗaya kamar wanda santsi ya kwasa, sai ji na yi ɓarak, ƙafa biyu sun fito da fisharsu da ɓawon filasta a jiki. Na daɗe a tsaye ina kallon ramin nan ina tunanin da Hajiya ce fa. Ya ce ai ba wanda zai ja shi haka. Na ce wanda zai faɗi haka zai ja shi, har ma fiye, don a Amurka sai ƙarfen ya iya ɗaukar jan kusan kilo 90 a ko'ina a jikinsa kafin a ce ya cika ƙa'ida. Na biya shi ladan wahalarsa muka rabu lafiya.

Wani dattijon magini na unguwarmu na kira, ya ƙwanƙwasa bangon da bayan guduma ya ce, "Alhaji ai bulon nan fanko ne, fisha ba ta da abin kamawa." Gaskiyarsa. Bulonmu na inci tara da na inci shida duk rami ne a ciki, naman gefen ɗan kaɗan ne, in kuma an yi rowar siminti wajen buga shi to yashi ne kawai ke riƙe da juna, injin yana shiga yake zubewa. Abin da ya yi, duk inda ƙafa za ta zauna ya fasa rami kamar faɗin tafin hannu har ya tarar da fankon bulon, ya dunƙule takardar buhun siminti ya toshe ƙasan ramin don kada kwaɓin ya zurare ciki, ya jiƙa wurin, sannan ya cika da kankare mai ƙananan tsakuwa. Mai walda kuma ya sake ƙafafun, ya yi musu doguwar wutsiya ya tsaga ƙarshenta ya buɗe biyu yadda in kankaren ya kama ba ta da hanyar fita. Aka dasa su a kan layin bular nan, tazarar mita ɗaya-ɗaya, da guda kusa da kowane ƙarshe. Inda muka dace da fila ta kankare a kusurwar landin nan ne kawai aka yi amfani da bol mai buɗewa a ciki, don nan yana da abin cizo.

Wani abu da dattijon ya tuna min kuma ina roƙon kowa ya kiyaye, wayar wuta. Akwai makunni a ƙasan matakala akwai a sama, kuma bututun wayar yawanci miƙewa yake sama ko ƙasa daga makunnin a cikin bango. Muka kashe wutar gidan gaba ɗaya kafin a fara fasa, muka kuma kauce wa saitin makunnan.

Daga nan sai haƙuri. Kwana bakwai muna yayyafa wa kankaren ruwa safe da yamma ba wanda ya taɓa ƙafafun, yara ma na kafa musu doka. Siminti sai ya kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa, amma a mako ɗaya ya yi ƙwarin da za a ɗora ƙarfe. Wannan makon ya fi min kowane tsawo, don Hajiya na ci gaba da bin ɗaya bangon da tafin hannu.

Ranar waldar ba wuta sai da muka tada janareta. Mun rufe tayil da tsofaffin kwalaye da aka jiƙa da faranti na kwano, saboda tartsatsin walda in ya sauka a tayil tabon ba ya fita. Na sa an zarce da ƙarfen kamar santimita 30 bayan takin ƙarshe a sama da ƙasa, don mutum ya riga ya kama kafin ya fara taka matakala, kuma kada ƙarfen ya ƙare alhali saura taki ɗaya, takin ƙarshen nan shi ya fi yaudarar tsofaffi. Bakin ƙarfen kuma duka biyu an lanƙwasa shi ya koma ya haɗe da bango. Wannan a gidan Bahaushe dole ne, hijabi, mayafi, hannun babbar riga, igiyar jaka, duk wanda ya sarƙafe a buɗaɗɗen baki zai fizgo mutum baya. A landin ma ba a yanke ba, an zagaya da shi ya haɗu da na sama. Bayan an gurje duk wajen waldar na bi da tafin hannuna ido rufe daga ƙasa har sama, inda na ji kaifi na ce a sake. Aka shafa jan fentin hana tsatsa, ya bushe, aka bi da fentin mai ruwan ƙasa mai duhu, da gangan na zaɓi mai duhu saboda bangon fari ne, ido ya gan shi ko da magariba. Na ƙara da kwan fitila mai caji a saman landin saboda ɗauke wuta.

Na sake gwajin nan na rataya, ni da ƙanena tare, ko motsi bai yi ba.

Mun sa shi a hannun dama in ana saukowa, tunda gwiwar hagu ce mai ciwon kuma saukowa ta fi ba ta wahala. Mai gashin ƙashin da ke duba ta ya riga ya koya mata ta fara hawa da lafiyayyar ƙafa, ta fara sauka da mai ciwon, yanzu da abin riƙo sai dabarar ta zauna mata. Da asubar farko ina jin ta ta fito, na laɓe a ƙofar falo ban bari ta gan ni ba, ta kama ƙarfen ta ɗan girgiza shi tukuna, sannan ta sauko ba tsayawa sai a landin. Da ta iso ƙasa ta ce, "Allah ya yi maka albarka, amma da safe sanyi ne da shi." Lokacin hunturu ya fara shigowa. Na sayo igiyar auduga mai laushi za mu naɗe inda ta fi kamawa a ɗame ta sosai yadda ba za ta juya ba, kuma na riga na yi magana da dattijon magini, wata mai zuwa in Allah ya kai mu za a fasa ɗaya bangon a sa na biyu, don in tana hawa ma ta samu na dama.